Tsayuwar Kawu Sale a Bakin Mota

Murhun Kaka yana ƙarƙashin mangwaron gidanmu na unguwar Kilomita Biyar, duwatsu uku ne da suka yi baƙi tun kafin a haife ni. Da an idar da magariba sai mu kewaye shi, har zuwa lokacin da za a kira isha'i daga Masallacin Koudoukou. Tana tuƙa gozo, tuwon rogo, hayaƙi na shigar mana ido, ba mai matsawa. In wani ya yi mata magana da Sango sai ta ɗaga muciya ta ce, "Wannan yaren ku kai shi kasuwa ku sayo gishiri. A murhuna Hausa ake ci."

Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, yakan dawo daga mangaza, wato siton ajiyar kaya, a daidai lokacin, rigarsa na warin albasa. Sai ya kifa turmi ya zauna, ya yi kamar ba ya saurare.

Kaka ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga baƙuwa nan a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta tsohuwar mashigi. Wani gari ne a bakin kogi, ba su da kwalekwale, sai wuri ɗaya da ake ƙetarewa da ƙafa. Tsohuwa ce ke shiga gaba da sandarta, garin kuma na ciyar da ita. In ta kai tsakiyar ruwa takan tsaya cik, sannan ta ce dama ko hagu. Sai wani mai wayo ya bi ta kwana bakwai da fata da gawayi, yana zana duk inda ta taka. Da ya zo wurin tsayuwar ya ce, "Iya, a nan me kike yi?" Ta ce, "Yashi nake ji da tafin ƙafata." Ya ce, "Wannan ba ya zanuwa." Ya ja layinsa miƙe ya wuce. Aka rataye fatar a bishiya, aka daina kai wa tsohuwa hatsi. Rani guda aka yi ana ƙetarewa lafiya. Da yashi ya matsa, ruwa ya ci wata mata da goyonta. Suka ruga gidan tsohuwa, suka tarar an daɗe da binne ta.

Na ce, "Kaka, to me aka yi wa mai gawayin?"

Ta ce, "Me za a yi masa, Rakiya? Zanensa ya yi kyau. Sarauta ma suka ba shi."

Kawu ya yi dariya daga kan turminsa. "Iya, kin cika ba yara tsoro."

"Kai ma ka ji, ƙaton banza," in ji ta. "Baƙuwa ta tafi, ku tashi ku yi alwala."

Karatuna bai yi nisa ba, amma ina karanta Faransanci, kuma na iya buga rubutu a kwamfuta. Kawu ne da kansa ya kai ni wurin Alhaji, mai mangazar da yake wa aiki tun yana saurayi, ya roƙa a ɗauke ni. Albasa da wake da gyaɗa muke karɓa daga motocin Kamaru. Aikin Kawu shi ne tarbar mota kafin a sauke buhu ko ɗaya.

Sai Bashir, ɗan Alhaji, ya dawo daga karatu da wata manhaja da ake zana tsarin aiki da ita. Akwatuna ne da kibiyoyi: wannan ya yi kaza, ya miƙa wa wancan. Ya ce in rubuta yadda ake kowane aiki, don ko mutum ba ya nan a san abin yi. Ban ga laifin haka ba. Kuma gaskiya manhajar ta nuna mana abin da ba mu lura da shi ba, kamar yadda takardar direba ke zagaya tebur uku ba dalili.

Na zauna da Kawu a kan buhunan wake da biro a hannuna.

"Kawu, in mota ta iso me kake fara yi?"

"Gaisawa."

"Bayan nan fa?"

"In tambayi direba inda ruwan sama ya same su. In ya ce babu, in taɓa igiyar tampol. Wadda ta jiƙe ta bushe, tauri take yi. In sa a ɗaga gefe ɗaya, in tsaya in shaƙa."

"Minti nawa kake tsayawa?"

"Ke Rakiya, agogo nake ɗaura wa hancina?"

Shafi biyu na cika da maganarsa. Amma manhajar ba ta da wurin shafi biyu. Kowane akwati yana son sunan aiki a taƙaice, da mintinsa, da abin da ya fito daga cikinsa. Tsayuwar Kawu kuwa yawancin ranaku ba ta fitar da komai, sai dai ya gyaɗa kai a fara saukewa. Na rasa abin da zan sa, na rubuta "duba kaya". Akwatin mai auna kaya a sikeli ma "duba kaya" na rubuta masa.

Ranar da muka kalli zanen tare da Alhaji, Bashir ya nuna akwatunan biyu da yatsa. "Dubawa sau biyu? Ɓata lokaci ne, Baba." Ya danna. Akwatin Kawu ya ɓace, kibiyar ta haɗe kanta miƙe, ko alamar gurbi babu. Shafukan nan biyu suna cikin jakata a kan cinyata. Ban buɗe ta ba. Na ji tsoron a ce ina kare ɗan'uwana ne.

Ƙarshen wata aka sallami Kawu da godiya da turmin shadda. Na je gaishe shi ina sunkuyar da kai. Ya ce, "Aikinki kika yi, 'yata. An ce zanen ya yi kyau." Ban sani ba ko ya tuna Kaka ce ta fara faɗin haka.

Ya yi makonni yana zuwa da safe ya tsaya a tsallaken titi, kusa da 'yan babur, yana kallon motoci na shiga. Daga baya ya daina. Ya rasu kafin azumi. Hawan jini aka ce, kuma ban taɓa cewa zane ne ya kashe shi ba. Allah ya jiƙansa.

Da damina ta kankama, mota guda ta albasa ta ruɓe mana a cikin mangaza. Bashir ya kira ni ya ce in ƙara akwati, in sa masa "duba laima". Manhajar ta tambayi minti nawa. Na sa biyar. Yanzu akwai wanda ke tsayawa da takarda a bakin mota, ya leƙa, ya ja alama, a sauke.

Ina ƙarama, in Kaka ta yi tatsuniyar nan, tsohuwar nake tausayi, mutanen garin nake jin haushi. Bai taɓa zo mini a rai ba cewa mai gawayin ba mugu ba ne. Aiki aka ba shi, ya yi shi da kyau, ya ji amsar tsohuwa da kunnensa, ya bar ta a waje saboda fatarsa ba ta da wurinta. Zane yana nuna wa za ka miƙa wa aiki. Bai faɗa maka me ya sa mutum ya tsaya ba, kuma takardar koya wa mutum aiki da ba ta faɗi wannan ba, ban san amfaninta ba.

Shafukan biyu suna nan a cikin tsohuwar kwallar Kaka. Wani lokaci in mota ta iso nakan fita in ɗora hannu a kan igiyar tampol. Nakan ji ta, amma ban san ko taurin nan ne Kawu yake nufi ba. Na tambaye shi minti nawa. Ban tambaye shi yadda warin yake ba.