Kayan da Suka Ce Rabi Ta Ɗauka

Rabi ta rasu. Yau da safe labarin ya same ni, ina sauka daga adaidaita a ƙofar makaranta. Ƙanwarta Zainab ce ta kira. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san ta ba, Malama Rabi ce mai koyar da lissafi. Shekara goma sha ɗaya teburinta yana jikin nawa a ofishin malamai, nan Dutse. Tana da sikila. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma yi tallar abin ba.

Kullum da filas ɗin ruwan zafi take zuwa saboda jikinta, amma mu muke shanye shi. Da mahaifiyata ta kwanta asibiti, ita ta riƙe min ajin Hausa mako uku, ita da ko karin magana ɗaya ba ta iya kaiwa ƙarshe daidai.

Lokacin da muka haɗu ta fi ni tsawo. Ina da hoton. Bara kafaɗarmu ɗaya. Bana sai na sunkuyar da kai nake kallon idonta. Sau biyu tela yana rage mata dogayen riguna.

Ta nuna min hoton ƙashin bayanta. Kowace gaɓa ta lotsa a tsakiya, kamar an danna gurasa da babban yatsa. Likita ya ce jini ne ba ya isa ƙashin, sai ya mutu a tsaye, ya zauna a kan na ƙasa. Ya gargaɗe ta kada a danna, kada a ja, ko bokiti kada ta ɗauka.

Wata rana bayan an tashi, mu biyu muka rage a ofis. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Ta miƙa hannu za ta ɗauko jan biro, sai na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Na waiga ƙofa, ba kowa.

Ta ce, "Ba daga waje ba ne, Yaya. Ni ce." Ta ci gaba da duba takardu.

Ganinmu na ƙarshe ranar da aka ba da hutu ne. Tana dariya ta ce ƙasa ce take karɓarta kaɗan-kaɗan, ta ƙi jira a kai mata ita gaba ɗaya. Na ce ta rufe min baki. Sai ta daina dariyar.

"In na daɗe a gida, ki sa ido a kan Zainab. Jininmu ɗaya. Ta fara jan ƙafar hagu, tana ɓoyewa."

A ƙauyensu, can wajen Miga, ba sikila suke ce masa ba. Kaya suke ce masa. Wai tun zamanin kakanni akwai abin da yake hawa bayan mace ɗaya a gidan, ya yi ta danna ta har ya kai ta ƙasa. In ta mutu sai ya sauka ya zaɓi wata. Mata uku aka lissafa min da sunayensu, wai duk shi ya kai su. Ba wanda ya ambaci cewa a gidan ɗan wa ne ke auren 'yar ƙane tun fil azal, kuma ba a taɓa gwada jinin kowa kafin aure ba.

Ciwo ya tasar mata a gida. Baffansu ya kira mai ɗori. Don ƙauna ya yi, na yarda. Aka kwantar da ita rubda ciki, mutum biyu suka riƙe, mai ɗori ya hau bayanta da diddige don ya kori abin, ya miƙar da ita. Zainab ta ce Rabi ta faɗa musu maganar likita, aka ce boko ne ke magana.

Daga tabarmar nan ƙafafunta ba su ƙara motsi ba. Mako biyar tana kwance. Duk kiran da na yi wani ne ke ɗauka, ya ce da sauƙi. Ni kuma, da duk karatuna da kaifin bakina, na yarda. Wannan ba zan yafe wa kaina da wuri ba.

Na isa ƙauyen an riga an kai ta. Matar da ta yi mata wanka ta ce likkafanin da aka yanka ya yi mata yawa, sai da aka naɗe. Da tsawon da suka san ta aka auna.

Muna zaune a tsakar gida wata tsohuwa ta ce, a hankali, "To, kaya ya sauka."

Sai na ga idanu suna juyawa ɗaya bayan ɗaya. Zainab ce ke tahowa da tiren ruwa, tana jan ƙafa. Ta tsaya cak.

An ce min mai ɗorin zai dawo ranar Asabar, bayan sadakar uku, a tari abin tun bai zauna mata ba. Na je zaure na durƙusa gaban Baffa, na faɗi abin da na sani. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malama, ke baƙuwa ce."

Na ce, "Haka ne, Baffa. Amma baƙuwar aka bar wa amana."

Ya ce a bari a yi uku.

Da mahaifiyar su Rabi ta rako ni bakin ƙofa sai ta kama hannuna, ta cusa min wani abu, ta juya ciki. Katin asibitin Zainab ne.

Ranar Juma'a ake uku. Da an sauko daga masallaci ina ƙofar gidan da mota, in kai Zainab asibiti.

Allah Ya jiƙan Rabi, Ya sa zafin da ta sha ya zama kaffara, Ya yalwata mata kabarinta, Ya tashe ta a miƙe. Allah Ya tausasa zuciyar Baffa, ni kuma Ya riƙe min harshe ranar Juma'a. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi wa Rabi addu'a, ya haɗa da Zainab.