Sunan da Ke Bangon Littafin Ƙanena

Zan faɗi abin nan bi da bi, domin in aka ɗauko shi daga tsakiya ba ya fahimtuwa.

Ni direba ne a wani ofishi na ƙasa da ƙasa a Paris, ina zaune a Sevran, a gefen birnin, da iyalina. Marigayin da zan yi magana a kansa ɗan baffana ne. Gida ɗaya muka tashi a Damagaram, na girme shi, shi ya sa nake ce masa ƙanena. Makaɗin gita ne, irin mai wutar lantarki, kiɗan da Turawa ke kira rok. A Lyon ya zauna, ya auri Bafaranshiya, suka haifi 'ya mace. A can ya rasu bayan gajeriyar jinya, a can muka binne shi. Na taɓa zuwa wurin wasansa saboda zumunci, na fito kunnuwana suna ƙugi har washegari, ban kuma koma ba. Amma na ga yadda mutane ke miƙa hannu don su taɓa rigarsa, kuma ban manta ba.

Mahaifinsa, wato Baffa, baduku ne, yana raye har yau, tsufa ya kama shi sosai. Shi da ɗansa sun rabu baram-baram a kan wannan kiɗa, kuma daga ranar da yaron ya bar gida ba su ƙara magana ba. Da na buga waya na sanar da shi rasuwar, addu'a kawai ya yi ya miƙa wa wani wayar.

Bayan 'yan shekaru sai labari ya fito cewa wata marubuciya Bafaranshiya tana rubuta tarihin rayuwar marigayin. Masoyansa suka ɗauki zancen da zafi. Akwai wani mai gyaran waya a unguwar Barbès ta Paris, mutumin Tawa, wanda kullum kiɗan ƙanena ne ke tashi a shagonsa, har ya fi ƙarar jirgin ƙasan da ke wucewa a kan gada ta samansa. A shagonsa ake haɗuwa ana ta hasashe. Wasu na cewa za a sa hotunan da ba a taɓa gani ba. Wasu na cewa za a tona yadda yake ɗaure tsirkiyar gitarsa har ta riƙa kuka irin na gurmi. Masu buga littafin sun ɓoye sunansa sai ranar ƙaddamarwa, wannan ma ya zama abin gardama.

“Alhaji, kai ma kana ciki,” in ji mai shagon duk lokacin da na shiga. “Za a ce ga wansa da ya taɓa sauke shi a bakin titi don ya kunna taba a mota.”

“Gyara mini waya,” nake ce masa. “Ba hira na zo yi ba.”

Abin da ban zata ba shi ne Baffa. Ban san wanda ya kai masa labarin ba. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya sa aka kira ni. Muka gaisa a gurguje, ya tambayi yara, ya tambayi sanyi, sannan ya ce:

“An ce ana rubuta littafi a kan yaron nan.”

“Haka ne, Baffa.”

“Littafi sosai, mai bango?”

“Mai bango.”

“To. In ya fito ka kawo mini da hannunka.”

Na ce zan kawo. Daga nan kowace Juma'a sai ya kira, kuma ƙarshen gaisuwar ɗaya ne: “Littafin fa?” A wurin Baffa, malamai da sarakuna ake rubuta wa littafi. Na ji daga gida cewa ya faɗa wa duk tsofaffin da ke zama a ƙofar gidansa. Ya yi magana da wani tsohon darektan makaranta da ya yi ritaya, wanda zai zo ya riƙa karantawa yana juya musu da Hausa. Har daɓen zaure ya sa aka gyara. Mutumin da ya hana a ambaci ɗansa a gabansa, yanzu shi ne ke tara jama'a su zo su ji tarihinsa. Na gane cewa da wannan littafi yake so ya mayar da yaron cikin gida, a gaban shaidu.

Aka sa ranar ƙaddamarwa, wata Asabar da rana, a wani babban shagon littattafai a Lyon. 'Yar marigayin ce ta gayyace ni. Budurwa ce mai hankali, tana karatun aikin jinya, amma Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Na sa farar kaftani da hula, na ɗora kwat a sama, na hau jirgin ƙasa mai gudu. Na isa da wuri kamar yadda na saba.

Tun daga tsallaken titi na hango hotonsa a gilashin shagon, ya rungume gita, idonsa a rufe. A saman kansa an rubuta kalmomi biyu da manyan baƙaƙe jajaye. Na ɗauka idona ne. Na tsallaka, na ciro tabarau, na karanta harafi bayan harafi.

DAN ISKA.

A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an juya shi da Faransanci kalma bayan kalma, ya zama ɗan da iska mai kaɗawa ta haifa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Layi ya riga ya yi tsawo a bakin ƙofa. Akwai dattawan Turawa masu furfura har kafaɗa, akwai samari, akwai mata da jarirai a keke. Da yawa sun sa baƙar riga mai wannan rubutu a ƙirji. Wata tsohuwa mai sanda, wadda a shekaru ta kai gwaggona, ita ma tana ɗauke da shi a gaban rigarta tana murmushi.

A gefe na ga wasu ɗalibai 'yan Nijar su uku, sun juya wa layin baya, kafaɗunsu suna rawa. Da suka ga hulata sai suka nutsu. Ɗaya daga cikinsu, ɗan Maraɗi, ya zo ya rusuna.

“Ina wuni, Alhaji. Ka ga bangon?”

“Na gani.”

“C'est grave, abin ya yi muni wallahi. Mun ce ko mu faɗa musu, amma wa zai fara?”

“Ba wanda zai fara. Ku rufe bakinku, ku daina dariya, mamaci ne.”

Na shiga. 'Yar marigayin ta hango ni ta taho da gudu ta rungume ni, ita ma da baƙar rigar. Ta ja hannuna tana nuna ni ga mutane, tana cewa ga tontonta, wan babanta, daga Paris. Wani ƙato mai gemu da zobba a kowane yatsa ya kama hannuna da hannu biyu, ya dube ni cikin ido da girmamawa, ya dafa ƙirjinsa, ya ce mini, “Dan iska.” Na je Makka, na aurar da 'ya'ya, ba a taɓa faɗa mini wannan kalma a fuska ba tun ina yaro. Kuma mutumin nan yana jiran in yi masa godiya. Na janye hannuna na nemi kujera.

Aka fara taro. Marubuciyar mace ce mai natsuwa, kuma daga jin maganarta ta sha wahala a kan aikin. Ta ce za ta karanta wurin da sunan littafin ya samo asali. Faransancina na aiki ne, amma na bi ta sarai. Ta karanta cewa ranar da yaron zai bar Damagaram, mahaifinsa ya raka shi bakin ƙofa, ya ɗora hannu a kansa, ya raɗa masa sabon suna irin na mutanen hamada, ya ce masa shi ɗan iska ne, ba katangar da za ta tsare shi. Mata suna share hawaye. Mai gemun nan ya sunkuyar da kai.

Ina wurin a ranar. Ni na riƙe masa jaka. Baffa yana zaure yana yankan fata, yaron ya durƙusa ya ce ya zo sallama. Baffa bai ɗago kai ba. Ya ce, “Tashi ka ba ni wuri, ɗan iska.” Ba hannu, ba rakiya. Muka fito, na raka yaron har tasha.

Ina cikin wannan tunani na ji an ambace ni. Yarinyar ce a kan dandamali, tana cewa akwai wanda zai faɗa musu sunan yadda ake faɗinsa a gida, domin su duk ba su iya harafin farko ba. Aka miƙo mini abin magana. Ɗaliban nan a baya sun sa hannu a baki.

Na miƙe na ce, da Faransanci, “Ni ban taɓa kiransa da wannan ba. Ƙanena nake ce masa. Allah ya jiƙansa.”

Suka yi ta tafi kamar na faɗi wani abin kirki.

Da aka tashi na bi layi kamar kowa, na sayi littafi, na kai wa marubuciyar. Tana sa hannu na tambaye ta wa ya ba ta labarin bakin ƙofa. Ina so in san wanda zan je in samu, domin na riga na yanke cewa wani ɗan Hausa ne ya yi mata shaƙiyanci.

“Shi da kansa,” ta ce. “Ina da muryarsa a faifai. Ba ni kaɗai ya faɗa wa ba, shekara da shekaru yana ba da wannan labari.”

Yarinyar tana tsaye kusa da ita. Ta ce, “Tonton, ni ma tun ina ƙarama yake faɗa mini. Ya ce kyauta ɗaya kaka ya ba shi, kuma ita ce ya fi so.”

Wannan ya fi bangon girgiza ni. Na yi shirin fushi da baƙo, sai ga shi ƙanena ne. Ban sani ba ko ba'a yake yi wa Turawa, ko kansa yake gyara wa abin da ya faru don ya iya ɗauka. Ba kuma wanda zan tambaya. Yarinyar ta ce me ya sa fuskata ta canza. Na ce gajiyar hanya ce, kuma ban ji daɗin faɗin haka ba.

A jirgin komawa na kifa littafin a cinyata don kada wani baƙar fata ya karanta. Na lissafa abin da zan iya yi. Zan iya yage bangon, amma sunan yana saman kowane shafi. Zan iya cewa bai fito ba, amma hotuna sun riga sun fara yawo a waya, mai shagon Barbès ma ya kira ni ban ɗauka ba. Zan iya roƙon darekta ya tsallake wurin, amma tsofaffin nan akwai masu gane baƙaƙen boko, kuma kalmomi biyu ne kawai. Duk ta inda na bi, ƙarshenta Baffa ne a zaurensa, an tara masa jama'a, ana karanta masa zagin da ya yi wa ɗansa.

Juma'a ta zo. Ban jira ya kira ba, ni na kira, na ce a ba shi wayar a kuma bar shi shi kaɗai. Muka gaisa.

“Littafin fa?”

“Ya fito, Baffa. Yana hannuna.”

“Alhamdu lillahi. Da kauri?”

“Da kauri. Amma akwai magana a kan sunan da aka sa masa.”

“Wane suna?”

Ban taɓa furta irin wannan kalma a gaban Baffa ba. Na ce, “Abin da ka ce masa a zaure ranar da zai tafi. Shi aka rubuta a bango.”

Na duba wayar ko layin ya yanke. Ina jin kukan awaki a bayansa.

“Wa ya faɗa musu?”

“Shi.”

“Don ya tona mini asiri.”

“A'a, Baffa.” Sai na faɗa masa sauran, bi da bi: yadda Turawa suka fahimci kalmar, da rigunan, da tsohuwa mai sanda, da abin da aka karanta na rakiya da ɗora hannu a ka. Na faɗa masa abin da jikarsa ta ce game da kyauta.

“Ya ce na ɗora masa hannu?”

“Haka ya ce.”

“Ban ɗora ba.”

“Na sani. Ina wurin.”

Sai ya koma kan zancen jikarsa.

“Yarinyar ta san ma'anarsa?”

“Ba ta sani ba.”

“Kada ka faɗa mata. In wani ya faɗa mata, ka ce ta kira ni, ni zan yi mata bayani.”

“To, Baffa. Zancen darekta fa? In ce masa a fasa?”

“Wa ya ce a fasa? Mutanen nan sun san abin da na ce, rabinsu suna ƙofar gida a ranar. Abin da shi ya ce ne ba su sani ba. Yaushe za ka zo?”

Na ce sai hutun ƙarshen shekara. Ya ce ya yi nisa, in nemi izini a wurin aiki. Ranar Litinin na nema, aka ba ni.