Randar da Aka Hana Kakata Saya

"Hajiya, a fitar da tsohuwar randar nan mana, ga firji," in ji jikata ɗazu. Na ce kul ta taɓa min ita.

Ina yarinya, kafin a samu 'yancin kai, randarmu ta fashe ga azumi ya matso. Kakata ta ja ni daga Unguwar Kanawa a Kaduna zuwa kasuwar mako ta wani ƙauyen Gbagyi a bayan Mando. Ga doya, ga zuma, ga masu burkutu can gefe.

Kaka ta ƙwanƙwasa wata babbar randa, ƙarar ta yi mata, za ta biya. Sai mai tukwanen ta riƙe hannunta.

"Inna, ban da wannan. An taɓa zuba giya a ciki, ke kuwa kina salla."

"Da kin yi shiru wa zai sani?" in ji Kaka.

"Ai ni na sani."

Randar nan kaɗai ta rage mata. Ta tambayi unguwarmu, muka dawo hannu rabbana.

Mako na zagayowa sai ga ta a ƙofar gidanmu, sabuwar randa a kafaɗa, tun daga ƙauyensu a ƙafa.

Ko sunanta ban sani ba, amma har yau ruwan randar tata nake sha. Ku fa, an taɓa kare muku addininku daga inda ba ku zata ba?