Tarina a Rediyo

Jiya rediyo ya maimaita tsohuwar hirar malaman jami'a da marigayi yayana a bakin ruwan Wara, kan sauyin yanayi. Ran da aka yi hirar, ni na sha babbar riga, na shirya jawabi, amma shi sunka miƙa wa rikoda, yana ta warin bandar kifi.

"Ruwan nan ya canza hali, kifi ya gudu," ya ce, maganarsa ta kullum.

Na matso, ya ture ni: "Kai, koma baya!"

Don haushi na yi tari, shi kaɗai ne rabona a kaset. Jiya tarin na kasa kunne in ji, sai muryar Yaya ta sa ni hawaye.

Allah ya sa shi sahun gaba a Aljanna, ni ko in yi tari a bayansa.