Rigar Sulke a Gangaren Mpape

Shekarar da aka mayar da ni sashen safiyo a ma'aikatarmu ita ce shekarar da na gaji da mota. Ina zaune a Mpape, can saman tudu, ofis kuma yana tsakiyar gari. Tafiyar da ba ta wuce minti ashirin ba sai ta cinye mini awa ɗaya da rabi, ina bin bayan tifofin da ke sauko da tsakuwa daga wuraren fasa dutse, ina shaƙar hayaƙinsu. Ranar da na makara har abokan aiki suka tafi awon fili ba ni, na dawo gida na ce wa matata babur zan saya.

Tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago kai ta dube ni, ta ce, "To, Baban yara. Amma ka san kai kaɗai muke da shi."

Na ce na sani. Ta ci gaba da aikinta.

Babur ɗin na hannu ne, babba, baƙi, mai nauyi. Kafin in fara hawa sosai na kai shi Apo a duba mini, wurin wani dattijon bakanike mutumin Zariya da wani abokin aikina ya yi mini kwatancensa. Garejinsa rumfar kwano ce a ƙarshen layi. Abin da na fara lura da shi shi ne ba ya waiwaye. In ka kira shi daga baya, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, a hankali, kamar mai ɗauke da tulu cike da ruwa. Ya gwada birki, ya ja sarƙa, ya kasa kunne ga ƙarar inji, ya ce babur lafiya lau. Sannan ya goge hannu da tsumma ya tambaye ni, "Oga, me za ka riƙa sawa?"

Na ɗaga masa hular kwanon da na saya, sabuwa fil, ina jin na yi abin kai.

"Wannan ta kai ce," in ji shi. "Bayan fa?"

Ban gane ba. Sai ya juya mini baya ya ɗaga rigarsa. Wani tabo ne ya bi tsakiyar gadon bayansa tun daga ƙasan kafaɗa har kusa da ƙugu, da alamun ɗinki a gefe da gefe. Ya ce tun yana da ƙarfinsa abin ya faru, kuma ba gudu yake yi ba. Akuya ce ta gitta, ya kauce mata, ya faɗi da baya a kan wani ɗan dutse da bai kai girman bulo ba. Wata bakwai ya yi a kwance ana juya shi.

"Hular kwano na kaina ranar," ya ce. "Ko ƙwarzane ban yi a fuska ba. Amma yau shekara nawa ke nan, a kan kujera nake sallah."

Ya kulle rumfar, ya ja ni zuwa shagon wani mai sayar da kayan gwanjo na masu manyan babura, bayan layin masu taya. A nan na fara ganin rigar. Baƙa ce, mai kauri, an dasa mata roba mai tauri a kafaɗu da gwiwar hannu. A bayanta akwai wani faranti mai gaɓa-gaɓa da ya rufe ƙashin baya tun daga wuya har ƙugu, da soso a cikinsa, da ɗamara mai kama ciki. Na gwada guda uku. Ta farko ta yi mini yawa, dattijon ya ce in cire, wadda ke yawo a jiki ba ta da amfani, in mutum ya faɗi sai ta goce ta bar wurin da ake son ta tsare. Ta uku ce ta zauna. Ya ja ɗamarar da kansa har sai da na ce, "Baba, numfashi fa!"

"Za ka saba," ya ce.

Ina cikin gyara zif ban ankara ba, ya ɗaga sifanar da ke aljihunsa ya maka mini a tsakiyar baya. Na ji ƙarar kamar an buga ƙofa, amma zafi ko kaɗan. Mai shagon ya tuntsire da dariya. Na haɗa da safar hannu, da abin gwiwa, da takalmi mai dogon wuya, na fito a ranar da kayan a jikina.

Litinin da na shiga ofis a haka, tun daga bakin ƙofa aka fara. Wani abokin aikina ya leƙo daga bene ya ce, "Jama'a, kunkuru ya iso!" Sunan ya bi ni kusan shekara. Wata da muke daraja ɗaya ta tambaye ni ko yaƙi aka tura ni. Ban ji haushi ba, don ni ma da na ga kaina a gilashin ƙofa sai da na yi dariya. Na samu ƙusa a bayan ƙofar ofis na riƙa rataye kayan, in fito da rigar aiki daga jaka in canza.

Wahalar gaske zafi ne. A watannin bazara, kafin ruwa ya sauka, in danja ta tsayar da ni sai in ji gumi na gangarowa ta ƙarƙashin farantin kamar an buɗe famfo. Sai na koyi sa singileti mai shan gumi, na koyi ajiye gorar ruwa a jakar gefe, kowace Asabar kuma in zare soson in wanke in shanya. Ranar Juma'a ta zo da tata matsalar. Na taɓa gwada ɗora kaftani a kan rigar, na fito kamar wanda ya goya buhu, matata ta yi dariya har da zama a ƙasa. Daga nan na riƙa linke kaftanin da hular in sa a jaka, in na isa masallaci da wuri in tuɓe kayan in ɗaure a kan babur, in yi alwala a natse.

Akwai ranar da aka tura ni Maitama in auna iyakar wani gida da ake gardama a kanta. Maigadin ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Masu kawo saƙo ta ƙofar baya suke bi." Na cire hular kwano, na nuna masa katin aiki. Ya rasa inda zai sa kansa, ya shiga ba ni haƙuri, "Yallaɓai, wallahi ban gane ba." Na ce babu komai, masu kawo saƙon ma mutane ne, kuma da yawansu sun fi ni iya babur. Muka ƙare da hira yana taɓa kafaɗar rigar yana tambayar ko ƙarfe ne a ciki.

A hankali sa kayan ya zame mini kamar ɗaura agogo. Takalmi, gwiwa, riga, ɗamara, hula, safar hannu, kullum a haka. Ko burodi aka aike ni ƙasan layi sai na sa. Maƙwabcina, wani ɗan kasuwa mutumin Katsina mai shagon kayan masarufi, ya taɓa tare ni ya ce, "Malam, duk wannan shiri, ai abin da Allah ya rubuta ba makawa." Na ce masa gaskiya ne, amma shi ma kullum da yamma ina ganinsa yana sa wa shagonsa kwaɗo biyu. Ya yi dariya ya ce in wuce kada in makara.

Shekara biyu da 'yan watanni ina hawa ban taɓa kai hannu ƙasa ba. Na san hanyar Mpape kamar tsakar gidanmu, na san kowane rami, na san inda 'yan acaɓa ke faɗowa titi ba sigina.

Wata safiyar Laraba a tsakiyar damina, an kwana ana ruwa, na fito kamar kullum. Akwai wata kwana a gangaren, inda hanya ke lanƙwasa hagu, lambatun siminti mai zurfi na gefen dama. Wata tifa da ta riga ni wucewa ta zubar da tsakuwa daidai wurin, ruwa kuma ya baza ta a kan kwalta, launinsu ya zama ɗaya. Ban gan ta ba sai da na shiga. Ba gudu nake ba, giya ta biyu ce. Na ji tayar gaba ta yi sakayau, kan babur ya kuɓuce, sai ga ni a ƙasa ina sulalewa a kan kafaɗa. Na tuna ƙarar robar tana gogar kwalta. Na tuna na ga sama, na ga ƙasa, sannan bayana ya daki bakin lambatun, daidai kaifin simintin.

Numfashina ya ɗauke. Na buɗe baki iska ta ƙi shiga, sai can ta dawo da ƙyar. Ina kwance rigingine, ina jin tayar babur na juyawa a wani wuri, mutane na ta salati suna rugowa. 'Yan acaɓa biyu suka kama ni, ɗaya a hammata ɗaya a ƙafa, za su ɗaga.

"Ku bar ni," na ce. "Don Allah kada ku ɗaga ni tukuna."

Wata mata mai suyar ƙosai a bakin hanyar, wadda Hausarta ta koyo ce, ta ture su ta tsaya a kaina da matsaminta a hannu. "Ku bar shi, ya ce a bar ta! Oga, kada ka tashi. Kana ji ƙafa?"

Na motsa yatsun ƙafar dama a cikin takalmi. Suka motsa. Na motsa na hagu. Su ma suka motsa. Ban san lokacin da na fara faɗin alhamdu lillahi da ƙarfi ba, matar na amsawa da amin duk da ba addu'a nake ba. Wuyan hannuna na hagu ne ya fara zugi, na dube shi na ga ya karkace. Wani mai a-kori-kura ya tsaya, aka ciro katakon bencin matar, mutum huɗu suka zura shi ƙarƙashina a hankali, aka ɗora ni a bayan motar a kwance har asibiti.

An ɗauki hoton ƙashi tun daga wuya har ƙugu. Likitar, wata matashiya mai maganar a natse, ta ɗaga hotunan a gaban fitila ta daɗe tana dubawa. Ta ce wuyan hannu ya karye, za a sa filasta, amma ƙashin baya ko tsagewa babu. Sai ta ɗauko rigar daga kan kujera ta juya bayanta. Farantin ya tsage a gicciye, gaɓa biyu sun rabe, soson ciki ya lotse kamar an taka shi da mota. Ta sa yatsa a tsagar, sannan ta zagayo ta taɓa daidai wurin a bayana, inda jini ya kwanta ya yi baƙi.

"Nan ne," ta ce. "Malam, wannan ta gama aikinta. Kada ka sake sa ta, ko an ce za a liƙe maka."

Matata ta iso da hijabinta a karkace, ko takalmin ƙafarta ba iri ɗaya ba ne. Ta tsaya a bakin gado. Na ɗaga ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya na nuna mata. Sai a sannan ta zauna ta yi kukanta.

Da yamma mahaifiyata ta kira daga Kano. Ta fara da cewa a kawo ni gida a kai ni wurin maɗori, na lallashe ta na ce an riga an sa filasta. Sai ta ce, "To ka sayar da abin nan. Ban yafe ba in ka sake hawa."

"Hajiya, ki janye wannan kalmar, don Allah," na ce. "Ki bari in warke in zo mu zauna."

Ta ce ta janye, amma maganar na nan. Da aka cire filastar na hau motar haya na je, na tafi mata da tsagaggen farantin a jaka. Na zauna a gabanta a kan tabarma na ba ta labarin yadda aka yi, ban rage ba, ban ƙara ba. Na gaya mata ban taɓa fita babu kayan a jikina ba, kuma ba zan fara ba. Ta juya farantin a hannunta, ta ƙwanƙwasa shi da zobe, ta tambaya ko akwai wanda ya fi wannan ƙarfi. Na ce akwai. Ta ce to shi zan saya, kuma in riƙa kiranta duk ranar da zan yi nisa. Haka muka rabu.

Makonnin da na yi a gida da hannu a rataye, kusan kullum sai na taka zuwa kwanar nan. Tsakuwar na nan yadda take. A gabana wani ɗan acaɓa da fasinjarsa suka zame a wurin, Allah ya tsare abin ya tsaya a ƙujewa. Wata Asabar na ɗauki tsintsiyar kwakwa daga gida na gangara na fara shara da hannu ɗaya. Mai ƙosai ta kalle ni ta girgiza kai, ta sauke kaskonta ta kawo shebur. 'Yan acaɓan da ke tsayawa a mahaɗar suka ajiye baburansu, ɗaya ya tsaya yana tsayar da motoci, sauran suka karɓi tsintsiyar daga hannuna. Baro uku muka kwashe, muka cike wani rami da ke gaban shagon mai walda.

Tun daga lokacin abin ya zama na kowace Asabar in damina ta kama. Wani lokaci mu shida ne, wani lokaci mu biyu. Direbobin tifa sun san mu yanzu, wasu har sukan rage gudu su ɗaga hannu, ɗaya daga cikinsu ma ya fara rufe kayansa da tamfol. Sauran ba su fara ba tukuna, shi ya sa muke ajiye shebur ɗin a ƙarƙashin teburin mai ƙosai.