Launin Ƙofar Kaka

A farkon daminar nan jikata ta dawo daga kasuwa da labule ruwan hoda, ta ce in taya ta ratayawa tunda na fi kowa tsawo a gidan. Kafin in buɗe baki ubanta ya riga ni.

"Kin jawo wa kanki faɗa," in ji shi, yana dariya. "Baba ai daga ruwan madara sai ruwan toka. Je ki duba duk gidan da ya taɓa yi wa fenti a garin nan."

Na hau kujera na rataya mata. Da rana ta bugi labulen sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki launin, har bayan hannuna, ni kuma na tsaya a kan kujerar nan na kasa saukowa. Na san launin nan tun ban san yana da suna ba.

Ni ba mai dogon karatu ba ne. Firamare na gama na shiga aikin fenti, a cikinsa kuma na tsufa. In ka ga maganata tana tafiya a hankali ka yi mini haƙuri, abin da zan faɗa ya daɗe a cikina.

Ƙauyenmu a gindin dutse yake, wurin da yau in ka tsaya ba abin da za ka gani sai kwalta da benaye. Ɗakunanmu na laka ne masu jinka, ga rumbunan dawa a tsakiya, ga gonakin doya a baya. Mu Gbagyi ne, amma kasuwa da maƙwabta sun sa Hausa ta zauna a bakinmu. Babbar gidan ita ce kakata, wadda ta haifi babana. Maigida take ce mini, wai ni ne mijin da ya rage mata, kullum tana ƙorafin ban taɓa kawo cefane ba.

Duk shekara in an haƙe doya an zuba dawa a rumbu, mata sukan gyara ɗakunansu. Wata ta shafa farar ƙasa, wata ja. Kaka tata daban ce. Akwai wani lungu a gaɓar rafi, ƙarƙashin malmo, inda farar ƙasa da ja suka kwanta a kan juna. Can take zuwa da ƙaramar fartanya, ni da yayata muna biye. Ta cika kwando ta ɗora a kafaɗa yadda matanmu suke ɗaukar kaya. A gida ta jiƙa ƙasar a tukunya kwana uku, ta tace da tsumma, ta zuba ruwan dargaza don ta kama bango. Gidan sai ya ɗauki ƙamshin ƙasa mai laima kamar an yi yayyafi, alhali sama ko gajimare babu.

Da tafin hannu take shafawa. In shafen yana ɗanye launin duhu gare shi kamar hanta, sai ka ce an yi ɓarna. Kwana ɗaya ya sha iska sai ya buɗe, ya koma kamar cikin nunanniyar gwaiba. Daga nan ta ja layin rawaya ta zagaye bakin ƙofa, mu kuma ta ba mu ƙasan bangon mu yi ɗigo-ɗigo da yatsa. Na Yaya a jere suke fita. Nawa kuwa Kaka takan ce kamar kaza ta bi ta wurin.

Jikinta ma haka yake. Ɗankwali ruwan ɗorawa, zane mai manyan furanni kore da ja, tsakiya a wuya har zuwa ƙirji. Babana yakan ce, "Iya, ai kin girma da irin wannan." Sai ta ce masa gwiwarta ce ta tsufa, zanen sabo ne.

Ina ƙarshen firamare maganar ta fara yawo, wai ƙasarmu aka zaɓa za a gina sabon babban birni. Da farko masu awo muka gani suna kafa turaku a gonaki. Bayan wasu shekaru katafila ta iso. Aka kwashe mu zuwa sababbin gidaje na bulo da kwano, layi-layi, kowanne ruwan madara, ƙofa iri ɗaya, taga iri ɗaya. Abin da ya bambanta su lamba ce kawai a saman ƙofa, Kaka kuwa ba ta san lamba ba.

Ba mu cika mako guda ba ta ja Yaya suka koma rafin nan, don lokacin ba a kai ga baje shi ba. Kwando biyu suka ɗauko. Siminti ba ya karɓar ƙasa kamar laka, sai da ta shafa sau uku kafin ya zauna. Da ya bushe, daga bakin titi kana hango gidanmu shi kaɗai a cikin layukan nan, da layin rawayarsa a bakin ƙofa.

A lokacin na samu aiki wurin wani ɗan kwangila mai yi wa gidajen ma'aikata fenti. Ma'aikatansa mutane ne daga ko'ina, Kano, Jos, Makurɗi, Legas, ni kaɗai ne ɗan ƙauyen wurin. Ogammu yakan ce gidan mai hankali launi ɗaya ne, mai sanyi, duk abin da ya wuce haka ƙauyanci ne. Na riƙe maganar nan kamar karatu. Kowace safiya babbar motar aiki takan tsaya a bakin titinmu ta ɗauke ni, kuma tun ranar da bangon ya bushe ban sake shiga motar nan lafiya ba.

"Direba, tsaya a gidan amarya."

"Kai ɗan gidan kwalliya, yaushe za a kai ka ɗakin miji? A gaya mana mu yi anko."

Nakan yi dariyar dole tare da su. Wata guda ana haka.

Wata ranar kasuwa kowa ya fita. Babana ya tafi tsohuwar gona, Yaya ta raka Kaka sayar da daddawa. Na ce zazzaɓi nake ji. Da gidan ya yi shiru na fito da ragowar fenti ruwan madara da na tara daga gindin galan-galan a wurin aiki. Na kankare bangon da ƙarfe, ƙasar tana zubowa a ƙafafuna kamar gari. Na wanke, na shafa sau biyu, na share wurin tas. Aiki ne mai kyau, ban taɓa yin wanda ya fi shi santsi ba.

Da suka dawo da la'asar Yaya ta ajiye kwando ta tsaya tana kallo. Ta ce wa ya yi wannan. Amsar tana bakina a shirye.

"Ma'aikata ne suka zo da mota. Sun ce doka ce, ba a canza wa gidan gwamnati launi. Wanda ya sake za a karɓe gidan."

Kaka ta matso ta ɗora tafin hannunta a bangon, ta ɗaga ta shinshina. Ta ce, "To, Maigida. Tunda su suka ce." Ta shige ciki.

Kwana biyu bayan haka ta fita ita kaɗai gaida wata ƙawarta a ƙarshen unguwa. Har rana ta karkata ba ta dawo ba. A layi na huɗu Yaya ta same ta zaune a ƙasa, a ƙofar wasu mutane da ba mu sani ba. Ashe ta ɗaga musu labule ta shiga har ɗakin maigidan yana canza kaya, matarsa ta fito da ita da hayaniya, yara suka taru suna kallo. Ɗankwalinta a hannu Yaya ta kawo ta gida.

Da yamma Yaya tana wanke kwanuka ta ce mini, "Kai ba ka lura ba? Yanar ido ta rufe mata gani tun bara. Mutum ma sai ya yi magana take gane shi. Bangon nan kaɗai take hangowa, da shi take dawowa gida." Ta ce Kaka ta hana ta gaya wa Baba, don kada ya hana ta fita.

A nan nake so ka tsaya tare da ni. Shafe bangon da na yi, in ka ce ƙuruciya ce da jin kunyar abokan aiki, ba zan musa ba, don ban san halin da idonta yake ciki ba. Amma daga yammacin nan na sani. Ina da buroshi, na san yadda ake ɗiga ja a cikin fari, aikin da ba zai kai tsakanin azahar da la'asar ba. Abin da ake buƙata kawai in buɗe baki in ce ba wata doka, ni ne. Na yi shiru, don ina tsoron a kira ni maƙaryaci a gida, ina tsoron motar safe.

Yaya ta ce to a ɗaura jan ƙyalle a ƙofa. Kaka ta ƙi, wai ba za ta ja a karɓe wa ɗanta gida ba. Ka ga ƙaryata ta toshe har wannan hanyar. Ta daina zuwa kasuwa, ta daina gaisuwa, ta naɗe zannuwanta masu furanni ta sa a akwati, ta ce wa zai gani. Akwai ranar da wani ma'aikaci ya zo duba kwanon da ke yoyo, Yaya ta tare shi a ƙofa ta wanke shi tas a gaban jama'a. Mutumin nan har hula ya cire yana rantsuwa bai san zancen ba. Ina tsaye a bayanta.

Kaka ta rasu a damina ta biyu, daidai lokacin da ofisoshi suke tarewa daga Legas, garin yana cika da motoci. Ni kuma na ci gaba da aikina har na zama oga. Duk wanda ya ce mini yana son launi mai haske sai na yi ta ba shi baki har ya haƙura da ruwan madara. 'Ya'yana sun ɗauka ra'ayina ne. Alhali ba na iya tsayawa gaban launin nan na Kaka ne da buroshi a hannu.

Kwana uku bayan labulen jikata na shiga motar Abaji, inda Yaya ta yi aure ta tsufa. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa na faɗa mata duka, ban rage komai ba. Hannunta ya tsaya a cikin faifai.

"Sake faɗa."

Na sake.

"Kana bayana ranar da na zagi bawan Allahn nan."

"Ina bayanki, Yaya."

"Shekara nawa ina yi wa mutanen da ba su san komai ba Allah ya isa."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ba ita na yi wa ba, wadda na yi wa tana ƙasa. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta ce in tashi kada motoci su ƙare. Ko rakiya ba ta yi mini ba, kuma ban ga laifinta ba.

Bayan kwana goma ta kira ni a waya, ba doguwar gaisuwa. "Kai mai fenti ne ko dai suna ne? Gaban ɗakina ya ɓare. Irin na Kaka nake so, ba irin na kanti ba."

Na fara da neman rafinmu. An binne shi a cikin kwalbati, malmon ma ba alamarsa. Sai na koma haɗa fenti. Zuwan farko Yaya ta leƙo ta ce wannan ai alawar yara ce. Na biyu ta ce ya yi duhu. Na uku ta daɗe tana kallo, har na fara sa rai, sannan ta ce, "Ya kusa. Nata ya fi sanyi a ido." Sai na gane ba a galan zan same shi ba. Na yi ta tambayar manoma, har wani ya kai ni wani kwari a wajen Sheda inda ruwa ya zaftare gaɓa, ga fara ga ja kwance a kan juna. Buhu guda na haƙo da hannuna. Yau kwanansa biyu a jiƙe a bokiti a bayan ɗakina, dargazar ma na samo wurin masu kayan gargajiya.

Yanzu in na ratsa garin nan ina ganin manyan gidaje ruwan hoda, wasu ruwan lemo, wasu kore shar, masu su suna alfahari, har sunayen Turanci ake ba launukan. Ba mai tsayar da mota ya yi musu dariya. Abin da tsohuwa ta yi da tafin hannunta muka kira ƙauyanci, shi ake kira ado yau. Ban ce zamani ya yi laifi ba, don ba zamani ne ya riƙe ƙarfen kankara ranar nan ba.

Mu biyu muka rage cikin waɗanda suka ga ƙofar nan da idonsu, kuma ni ban yarda da nawa idon ba a wannan magana. Ranar Asabar zan ɗauki bokitina in koma Abaji, ba buroshi, da hannu zan shafa. Sai bangon ya kwana ya bushe Yaya za ta fito ta duba. In ta ce bai yi ba, zan kankare in sake.