Ranar da Inna Ta Zaɓi Mota Mai Zafi

Ko mantuwa ta cinye min komai, ba za ta taɓa ranar sunan ɗan ƙanena ba. Matarsa tana wankan jego a gidansu a Malam Madori, mu kuma za mu tashi daga Haɗeja da jif biyu, tawa da tasa. Abin da ya dame ni ɗaya ne: wacce Inna, mahaifiyarmu, za ta shiga?

Tawa ba ta da laifi. Maɓallan esi da na rediyo duk a fili suke, ka murɗa su yi aiki. Tasa kuwa sabuwa dal, allo a gaba kamar faranti, kyamara ta ko'ina, ga wata murya da ke faɗa masa inda zai juya, a garin da aka binne cibiyarsa! Na wanke tawa tun safe, na buɗe ƙofar gaba. Inna ta wuce ni ta shige tasa. Wallahi na ji zafin abin.

Ba mu yi nisa ba na ga ya gangara gefen titi, daidai wasu gonakin shinkafa. Ashe garin nuna wa Inna iyawa ya taɓo iska mai zafi, allon ya sandare. Komai na motar a allon yake. Ya kashe ya kunna, shiru, sai huci take musu a tsakar rana. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni.

Na leƙa na ce, "Inna, taso mu tafi, tawa da sanyi."

Ta share gumi da bakin mayafi. "A'a, sauke gilashi ya isa."

"Haba Inna, ko nan ma shi ne?"

Ta jawo ni kusa, ta rage murya. "Ƙofar surukansa za mu. Su ga na fito daga motarka, me za su ce? Kai ba ka taɓa buƙatar in rufa maka asiri ba."

Haka na bi su a baya, esi na busa kujerar da babu kowa. Muka isa, ta fito sharkaf tana sa wa motarsa albarka.

Ranar na gane ba allon nake wa kishi ba. Uwa tana zama ne wurin ɗan da take jin zai kunyata. Na fahimta sarai, amma har yau ina so a ce motata ce ta lalace.